Hanjina Mai Yoyo da Rigar Ruwan Babanki

Zongo, Wagadugu.

Zuwa ga 'yata Saratu, a Bobo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga uwarki, tare da fatan kin sauka lafiya, kin sami ɗaki mai iska, kuma mutanen ofishin audugar da suka ɗauke ki aiki sun gane cewa sun yi tsintuwa. Allah ya tsare ki a hanyar fita da ta komowa, ya haɗa ki da maƙwabta masu tsoronsa, ya raba ki da sharrin ƙarfe da na baki.

Labarin gida ba zan ɓata takarda a kansa ba, tunda kwanan nan kika bar mu. Akuya tana nan, babanki yana nan, dukansu suna cin abinci. Ki yi haƙuri da rubutun, yatsuna sun ɗan sandare da safen nan.

Abin da ya zaunar da ni shi ne wannan ciwo da ni da ke muke tarayya a kansa, wanda likitoci suke kira lupus. Ke bara aka gano naki. Ni kuwa na riga ki shiga kasuwarsa da shekaru masu yawa, kuma babu layin da ba a cuce ni ba a cikinta. Kina ƙarama aka yi yawancin abin, kin ga hayaƙi ne kawai ba ki ga wutar ba. Yau zan ba ki labarin wautata dalla-dalla. In dariya ta zo miki ki yi, na yafe, amma kada ki maimaita ko ɗaya.

Wautar farko ɓoyo ce. Lokacin ina da rumfar atamfa a babbar kasuwar Rood Woko, wani ja ya fito mini a kumatu biyu ya haɗe ta kan karan hanci. Na shafa hoda. Ya ƙi ɓoyuwa, na ƙara hoda, har na zama kamar wadda ta faɗa buhun fulawa. Matan Zongo suka ce man canza fata nake shafawa. Na gwammace a ce haka da a ce ba ni da lafiya, ki ji hankali. Daga nan gaɓoɓi suka kama, gashi ya fara bin mataji. Da safe yatsuna ba sa lanƙwasuwa, ɗankwali ma sai dai in ɗora shi a kai in soke gefe ɗaya. Wata mai sayen kaya ta tambaye ni wane irin ɗauri ne wannan, na ce sabon yayi ne daga Abijan. Kafin sati ya zagayo na ga mata biyu a gidan suna da shi, suna tafe suna dafe kai kada ya faɗi.

Na ɗauki lokaci mai tsawo ina wannan wasa, ciwo kuma yana cin abinsa a ɓoye. To, Saratu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban ce ki hau mota ki yi shela ba, amma matar gidan da kike haya da mutum ɗaya a wurin aikinki su san abin da ke damunki, don ranar da kika kasa tashi su san asibiti za a nufa da ke, ba gidan boka mai hayaƙi ba.

Ranar da na kasa ɗaga buta ce babanki ya ɗora ni a bayan mobiletinsa, ɗan ƙaramin babur ɗin nan, ya kai ni babban asibiti. Aka ɗibi jini, aka sake ɗiba, har na tambayi mai ɗibar ko sayarwa suke yi. A ƙarshe aka tura mu wurin wani likita siriri mai tabarau, mutumin wajen Bobo, ba ya jin Hausa, Mosancinsa kuma, yaren mutanen garin nan, bai wuce gaisuwa ba. Babanki ya ce kada in damu, shi zai yi tafinta. Kin dai san Faransancin babanki: na ciniki ne, ya ƙware a "nawa" da "ya yi tsada".

Likita ya tambayi yadda cikina yake, domin a lokacin kullum a kumbure yake, yau gudawa gobe shiru. Ya yi dogon bayani yana zana wani abu kamar igiya a takarda. Babanki yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Da aka gama na ce, "Malam, me ya ce?"

Ya ce, "Ya ce ki sayi rigar ruwa."

Na ce, "Rigar ruwa? A watan bazara?"

Ya ce, "Ke kika yi karatun likita ko shi?"

Muka biya ta kasuwa ya saya mini wata shuɗiya ta leda mai hula, irin ta masu gadi. Na sa ta, Saratu. Na zauna da ita a rumfa cikin zafin da ƙadangare ma yake neman inuwa, gumi yana bin ƙafata har cikin takalmi. Duk wanda ya tambaya in ce umarnin likita ne. Da ranar komawa ta zo na shiga ofishinsa da ita ina ƙarar leda. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake dubana. Sannan ya fita ya kira wata ma'aikaciyar jinya Bamosiya, ya ce ta tambaye ni ko lafiya.

Ashe kalmar da ya faɗa game da hanjina tana nufin abin da ruwa ke ratsawa, ita kuma rigar ruwa sunanta kusan ɗaya da ita a Faransanci, ɗan guntun baki ne kawai ya raba su. Ma'aikaciyar ta yi dariya har ta dafa bango. Babanki ya ce shi dai abin da ya ji ke nan, kuma ai rigar ba ta ɓaci ba, damina na zuwa.

Ranar na fara fahimtar ciwona, da Mosanci. Ga abin da ta fassara mini, ki riƙe shi. Jikin mutum yana da masu tsaronsa a cikin jini, aikinsu su kama baƙon da ya shigo da cuta. A wurin masu irin ciwonmu, masu tsaron sun ruɗe, sun koma dukan 'yan gida: fata, gaɓoɓi, ƙoda, da duk zaren da ya ɗinke jiki ya riƙe shi wuri ɗaya. Shi kuma hanji, bangonsa kamar rariya ce mai ƙananan idanu. Tana barin amfanin abinci ya wuce cikin jini, ta tare dusa da ƙwayoyin cuta su bi hanyarsu ta fita. A jikin wasunmu idanun rariyar suna buɗewa fiye da kima, sai abin da bai kamata ba ya tsallaka. Masu tsaron nan da dama a fusace suke, in suka gan shi sai su ƙara haukacewa, dukan ya ƙaru a kanmu.

Na tambaya, to yoyon ne ya kawo ciwon, ko ciwon ne ya kawo yoyon? Likita ya ɗaga kafaɗa ya ce su ma har yanzu bincike suke yi, ba su tabbatar ba. Wallahi nan ya shiga raina. Duk yawon neman maganin da na yi daga baya, shi kaɗai ne mutumin da ya taɓa ce mini bai sani ba.

Shawarata a nan biyu ce. Ke kin yi lakwal, kin sha boko da Faransanci, ba kya bukatar tafinta, amma kina da ciwon babanki na gyaɗa kai. In likita ya yi magana ba ki gane ba, ki ce ya sake. In ya sake ba ki gane ba, ki ce ya zana. Kuma duk wanda ya ce miki ya san sirrin wannan ciwo daga tushe har ganye, yana da maganinsa a jarka, ki riƙe jakarki da kyau ki yi gaba.

Da ma na bi wannan shawarar da kaina. Ina dawowa gida na ba Hajiya Kande labari, maƙwabciyarmu ta bayan gida, wadda ba a taɓa kawo ciwon da ba ta san maganinsa ba. Ta ce, "Maman Saratu, wannan ai mai sauƙi ne. Abin da ke yoyo liƙe shi ake yi. Ƙwarya in ta tsage me ake sa mata?" Ta kawo mini ƙaro cikin ƙullin leda. Na jiƙa na sha, na tauna, na zuba a kunu. Haƙorana suka dinga mannewa, in mai saye ya taya kaya sai na yi kokawa da bakina kafin in ce albarka. Ta ce in haɗa da miyar kuɓewa safe da yamma, yauƙin zai shafe bangon. Babanki ya ci kuɓewa har ya gaji, rannan ya ajiye cokali ya ce, "Ni a ganina abu mai santsi ai shi zai fi saurin zurarewa ta ramin." Na ƙara masa miya, don tun maganar riga ba ya cikin waɗanda ake tambaya.

Ƙaro bai yi mini komai ba, illa asarar lokaci. Wadda ta kusa kai ni lahira ita ce shawarar Madam Awa, mai sayar da benga, wato wake da shinkafa, a bakin titi. Ta ce ita mijinta magini ne, kuma ba a yin shafe a kan datti, sai an wanke bango tukuna. Ta raka ni wurin wani mai saiwoyi, ya ba ni jarka guda ta wankin ciki, baƙi ƙirin, ya ce rabin kofi. Na ce a raina mai yoyo irin nawa ai sai kofi cike. Kuma don wauta ta cika, na sha shi da safen ranar da za mu bikin 'yar ƙanwar babanki a unguwar Tampuy.

Na ci ado da sabuwar shadda, na hau bayan mobileti. Mun yi nisa, mun shiga cunkoso, sai cikina ya yi wata ƙara da babanki ya ɗauka inji ne. Ya tsaya yana duba bututun hayaƙi. Na ce, "Malam, ba mashin ba ne." Ya dube ni, ya gane. Ban taɓa sanin tsohuwar mobiletin nan tana da gudu haka ba. Gidan farko da muka gani a buɗe na faɗa, ko sallama ban ƙarasa ba. Wata tsohuwa Bamosiya tana tankaɗe a tsakar gida, ta ga fuskata kawai ta nuna mini lungu da muciya. Na fito na yi godiya, mun kai ƙofa na koma. A karo na uku ta shimfiɗa wa babanki tabarma ta kawo masa ruwa. Har aka ɗaura aure aka watse muna gidan mutanen da ba mu san sunansu ba, babanki da mai gidan har sun gano suna da aboki ɗaya a tashar mota.

Wannan ɓangaren ne na dariya. Ɗaya ɓangaren shi ne washegari an kwantar da ni ana ƙara mini ruwa, gaɓoɓina sun kumbura kamar an hura, bakina duk gyambo. Likita ya ce na ɗauki bangon da yake neman lallashi na goge shi da soson ƙarfe. Saratu, hanjinki ba tukunya ba ce. Kada ki wanke shi, kada ki liƙe shi. Duk abin da za ki haɗiya da sunan magani, ko na ganye ne, ko wa ya ba ki, ki fara kai shi gaban likita.

Sai shekarar da Rood Woko ta ƙone. Kin tuna yadda muka tsaya daga nesa muna kallon hayaƙi, babanki yana ta salati. Rumfa ta tafi, na koma ɗaure atamfa a bayan mobileti ina bin gidaje, daga Zongo har Dasasgo, rana tana dukana tun safe. An gaya mini rana abokiyar gabar mai wannan ciwo ce, na ce rana ba ta san ana cin tuwo a gidana ba. Jan fuska ya dawo, gaɓoɓi suka ɗauka. Maimakon in koma asibiti, sai na koma wurin masu tallan magani a kwali. Na sayi na ciwon gaɓoɓi ina watsawa kamar gyaɗa, ba ko karin kumallo. In ciki ya murɗa in bi shi da tupayi, kafson nan mai kai ja da gindi rawaya da ake cewa yana maganin komai har da karayar arziki.

Da zuciyata ta fara ƙuna, bayan gida ya koma baƙi, na je da kaina. Likita ya ce in zazzage jakata a tebur. Ya ware ƙwayoyin ciwon gaɓoɓin ya ce waɗannan suna kankare bangon hanji, suna ƙara buɗe idon rariya, kuma suna wahalar da ƙoda. Ya ɗaga tupayi ya ce wannan kuma yana kashe ƙananan halittun da ke zaune a hanji, masu taimaka wa bangon ya tsaya da ƙarfinsa.

Na ce wa ma'aikaciyar, "Tsaya. Wai akwai masu zama a cikina?"

Ta ce, "Ba su ƙirguwa."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun kina jaririya."

Na ce, "Kuma ba wanda ya taɓa biyan haya."

Ta ce ai aikin da suke yi mini ya fi haya, ni ce dai nake korar su da guba. Daga ranar na daina. Ke ma ki kiyaye. Ki ci abinci iri-iri mai tsabta, ganye da wake da nono mai kyau, kada ki bi masu cewa ki bar wannan ki bar wancan har ki koma ruwa da gishiri. Ni an taɓa hana ni abinci iri-iri har sai da babanki ya dinga shigo mini da tsire a aljihun babbar riga, karnukan unguwa suna binsa. Zomkom, ruwan geron nan na bakin hanya, da ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba, ki haƙura da shi, domin maganinmu yana rage ƙarfin masu tsaron jiki, gudawar da wata za ta yi kwana ɗaya ke sai ta kwantar da ke. In za ki fita da rana ki ɗauki lema. In sun ce kina yanga, ki ce gado kika yi.

Yanzu na zo kan wadda ta fi duka, kuma a nan dariyata takan ƙare.

Kin san ƙananan fararen ƙwayoyin nan, kortizon. Su suka tashe ni daga kwance, amma suka cika mini fuska ta zama kamar faranti. A gidan wani suna wata ta ce, "Maman Saratu, kasuwa ta ƙone amma ke kin yi kumatu, a gaya mana sirrin." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na dawo gida na tsaya gaban madubi na daɗe. Jikina kuma a lokacin ya yi daɗi, ba inda ke ciwo. Na ce ai na warke. Na daina sha rana ɗaya, ban gaya wa kowa ba, alhali an ja mini kunne cewa ba a yanke shi kai tsaye, sai likita ya rage shi sannu a hankali.

Fuskar ta fara saɓewa, na ji daɗi. Daga nan sai jiri, sai amai, sai ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fitsari ya koma kumfa. Ciwon ya sauka a ƙoda. Wannan kwanciyar kin tuna ta, domin ke kika riƙe gidan kina 'yar lakwal, kina tuƙa tuwo mai gudaji ƙannenki suna ci ba mai magana. Abin da ba ki gani ba shi ne babanki. Ya zauna a gefen gadona yini guda. Da la'asar ya kamo hannuna ya ce, "Asabe, in don fuska ce, ni ban taɓa kai ƙara ba." Ya tashi ya fita alwala, ya daɗe bai dawo ba.

Allah ya yi da sauran kwana. Amma ƙodata ba ta koma yadda take ba, kuma ba za ta koma ba. Na sayar da lafiyayyar ƙoda na sayi siririyar fuska ta wata ɗaya. A duk cinikin da na yi a rayuwata babu wanda na faɗi kamar wannan.

To, Saratu. Shekaranjiya na shiga share ɗakinki. Na ɗaga katifa zan kaɗe, sai ga kwalayen maganinki a jere a ƙarƙashi, na kortizon da na ɗayan maganin da ake haɗa miki da shi, ko buɗe su ba a yi ba. Mantuwa ba ta ɗaga katifa. Na kuma tuna yadda kwanakin nan kike tsayawa gaban madubi kina danna kumatu da yatsa, da yadda kike cewa ke yanzu garau kike ji. Na san wannan waƙar, ni na fara rera ta.

Ban gaya wa babanki ba, kuma ba fushi nake yi ba. Na zauna a bakin gadonki na yi kukana na share. Tun ranar da aka ce kina da shi nake jin kamar ni na zuba miki a nono, ko da yake likita ya ce ba laifin kowa ba ne. Na kasa hana shi zuwa gare ki. Abin da zan iya shi ne in hana ki biyan kuɗin da na riga na biya.

Na san sabon wuri ne, kina so su fara ganin Saratu kafin su ga ciwo. Na kuma san da yaron nan mai telesanta, shagon buga waya, a Dasasgo, wanda layinsa kullum yake lalacewa daidai lokacin da kika je kira, sai ya ɗau awa yana gyara. Ki gaya masa gaskiya. In kumatu za su kore shi, gara su kore shi yanzu tun ba a sayi goro ba. In ya tsaya, ku je wurin likita tare kafin maganar haihuwa ta taso, domin masu irin ciwonmu suna haihuwa lafiya, amma da shiri.

Ga maganin nan na ba Malam Sani direba, mutumin Nijar da ke jigilar Bobo, tare da wannan takarda da ɗan yajin daddawa. Tunda kin yi kwanaki ba ki sha ba, kada ki yi wa kanki lissafi. Ranar da ya iso hannunki ki ɗauki kwalayen da takardunki ki tafi asibiti, ki faɗa musu ranar da kika daina ba ragi, su za su gaya miki yadda za ki koma. In sun yi faɗa ki shanye, nawa faɗan ya fi nasu kuma na ajiye miki shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan je gidan Hajiya Kande in zauna kusa da wayarta. Ki kira. Kada ki ce mini kin sha, baki ba shi da wuya. Ki zo da ƙwayar da kofin ruwa ki haɗiye ina saurare. Na san ƙarar haɗiyarki tun kina goye a bayana, ba za ki iya yi mini ta ƙarya ba.

Ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa albarka a aikinki, ya kare ki daga abin da kike gani da wanda ba kya gani. Ya sa ki fi uwarki hankali tun kina da sauran ƙuruciya, ya kuma maido mana da ke da ƙafafunki, da kumatunki duka biyu. Amin summa amin.

Wassalam.

Uwarki,
Asabe